Iskar da Aisami Ya Rubuta

Duk wanda ya zauna Gure a shekarun 1990 ya san Aisami mai wayar iska, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba. Dogo ne siriri, kullum da bik ɗinsa na rubutu a maƙale bayan kunne, in yana tafiya sai ka ce wuta aka aike shi ɗaukowa. Ɗan garin ne gaba da baya. Ubansa mai lambu ne a kwari, inda dabino da rogo ke fitowa tsakanin tuddan rairayi, mutum ne da bai taɓa buɗe baki ya yaba wa ɗansa ba har ya koma ga Allah. An sa Aisami lakwal, ya kai aji shida, ya faɗi jarrabawa sau biyu, ya dawo gida da abu ɗaya tak da babu mai ƙwace masa, wato rubutu. Hannunsa na da kyau, yana kuma da sauri. In kana magana yana rubutawa, kafin ka haɗiye yawu ya sa aya.

Wannan hannun ne ya samo masa aiki a wani furoje na rijiyoyi da lafiyar dabbobi, wanda yanzu ko allon sunansa ba ka gani. Furojen na da ma'aikata a daji, kowane da akwatin wayar iska da batir. Aisami ne a tsakiya, cikin wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Kullum bayan la'asar sai ya kunna akwati ya kira su ɗaya bayan ɗaya su ba da rahoto: shanu nawa aka yi wa allura, wace rijiya ta rufta, wa magani ya ƙare wa. Dokar aikin ita ce duk abin da aka faɗa a rubuta shi a kaye, wato littafin rubutu. In ƙara ta cinye magana ba a ji ba, sai a sa kalma ɗaya a gurbinta: iska. Ku riƙe wannan kalma, za mu dawo kanta.

Mutum uku yake kira. A Alakoss akwai Baba Garbai, dattijon malamin dabbobi da aka turo daga ƙasar Tawa. A Bune akwai Tanimu, mutumin Maradi, wanda bakinsa ba ya gajiya. Can arewa kuma a bakin wata rijiya akwai Ɗan Talata, wanda in ya ce maka "to" ya gama hirar yini. Dukansu baƙi ne a inda suke, kaɗaici na cin su. Rahoto kan ƙare cikin minti goma, amma babu mai son ya fara kashe akwatinsa.

Wata rana cikin bazarar 1992, Aisami ya kai hannu zai kashe sai muryar Baba Garbai ta shigo.

"Gure, dakata tukuna. Ku ukun nan kuna tsaye a bakin wani birni da rairayi ya binne. Ƙofa biyu ce ta rage a waje, ɗaya ta itace, ɗaya ta fata. Wace za ku shiga? Gare ku."

Aisami ya ɗauka zafin Alakoss ne ya taɓa tsohon. Sai Tanimu ya ce, "Baba, ta fata. Amma a bar ni in shinshina ta, in fatar kura ce ba da ni ba." Baba Garbai ya tuntsire da dariya har akwatin yana rawa. Daga ranar wasa ya kafu.

Ga yadda yake. Baba Garbai ne mai labari, shi ke faɗin abin da ke gabansu, shi ke yin muryar duk wanda suka tarar, sarki ne ko aljani ko jaki. Su kuma kowa da wanda yake zama a cikin labarin: Aisami Maharbi, Tanimu Maƙeri, Ɗan Talata Falke. Kowa ya faɗi abin da zai yi. In abin na sa'a ne, sai Baba Garbai ya girgiza ƙwallon dabino biyar cikin ɗan ƙoƙo kusa da abin magana, su ji ƙarar, ya zubar, ya gaya musu an dace ko ba a dace ba. Abin da suka fita nema kuwa shi ne Rijiya Mai Murfin Ƙarfe, wadda in an buɗe ta ruwa zai dawo wa birnin, rairayi ya janye.

Aisami ya sayi kaye na dabam don wasan. Da yake hannunsa ya saba, komai rubutawa yake. In gardama ta tashi kan ko Falke ya sayar da raƙumin nan ko bai sayar ba, sai Baba Garbai ya ce, "A tambayi Gure. Aisami ne ƙwaƙwalwarmu." Ranar da aka fara faɗin haka, Aisami ya koma gida kansa a sama, har ya saya wa matarsa Rakiya tsire ba tare da ta roƙa ba.

To amma ƙwaƙwalwa dabam, ɗan gaban goshi dabam, kuma Aisami bai daɗe ba ya gane haka. Shi in an zo kansa, lissafi yake yi. Ya ɗana baka, ya auna iska, ya harbi abin da ya kamata a harba. Baba Garbai ya girgiza ƙoƙo ya ce, "An dace. Na gaba." Shi ke nan. Tanimu kuwa sai ya tsaya yi wa aljani cinikin fartanya, ko ya tambayi jakin sarki lafiyar iyali, tsohon ya yi ta dariya har da tari, sannan ya ce, "Madalla da Maƙeri!" Wannan madallar ita ce ta hana Aisami sakat. Shekara huɗu yana harbi ba ya kuskure, bai taɓa samun ko ɗaya ba.

A faɗi gaskiya, kishi ne, irin mai hana cin tuwo. Ya kan dawo gida fuska a murtuke, ya zauna yana ƙunƙuni. Rakiya, wadda ba ta iya ganin abin tsiya ta ƙyale, sai ta ajiye masa akushi ta ce, "Malam, yau ma an yi wa Maƙeri madalla ke nan? Ni da nake matarka ban taɓa ganin ka yi kishina rabin haka ba. Ƙato da kai, da gemu, kana fushi kan raƙumin da babu shi."

"Ke ba ki san komai ba," in ji shi. "Yaron nan ba shi da wata dabara. Baki ne kawai."

"To kai ma ka yi bakin mana."

Ya gwada. Ya kwana biyu yana shirya wata barkwanci, ranar da ya sake ta babu wanda ya yi dariya, sai Ɗan Talata da ya ce "to". Bai sake gwadawa ba.

Sai ya koma ga makamin da ke hannunsa. Ranar da Tanimu ya yi wata magana da ta sa tsohon dariya fiye da kima, hannun Aisami ya ƙi rubuta ta. Ya tsaya da bik a sama, sannan ya rubuta: iska. Ya ji wani sanyi a ransa. Washegari ya ƙara. Kafin shekara ta zagayo abin ya zama masa jiki: duk inda Tanimu da Baba Garbai suka ja hira mai daɗi, a kaye iska ce. Wa zai duba? Su dai sun san akwai ƙwaƙwalwa a Gure, hankalinsu kwance.

Cikin kakar 1994 aka yi wata rana da Aisami bai taɓa mantawa ba. A cikin labarin sun tarar da wata tsohuwa mai tallan nono a gindin aduwa. Maharbi ya ce a wuce, rana na yi. Falke bai ce komai ba, don batir ɗinsa ya mutu ran nan. Maƙeri kuwa ya sauka daga raƙumi, ya gaida ta, ya ɗaure mata ƙwaryarta da ta tsage. Sai tsohuwa, da muryar Baba Garbai a siririce, ta gaya masa yadda ake buɗe Rijiya Mai Murfin Ƙarfe, daki-daki, sau ɗaya tak. A cikin sharuɗɗan akwai wanda ya soki Aisami har ƙashi. Ya rubuta iska sau uku, ya kashe akwati ba sallama.

Wata goma sha bakwai suka ƙara yi suna tafiya a cikin labarin, don Baba Garbai ba ya gaggawa. A watan Maris na 1996, ranar wata Laraba, suka hau tudu na ƙarshe suka hango murfin yana walƙiya. Tsohon ya ce, "Gobe sai ku tuna abin da mai nono ta ce." Gobe ta yi, Alakoss ba ta amsa kira ba. Ran Asabar motar furoje ta shigo Gure da Baba Garbai a kwance a baya, matarsa Habsu na riƙe da kansa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Yana ji, yana gane mutane, amma ko sunan Allah a zuci yake kira. Likita ya ce a kai shi gida cikin danginsa. Aka sa ranar Alhamis za a wuce da shi Tawa.

Ran Lahadi bayan rahoto Tanimu ya ce, murya ba yadda aka saba ba, "Malam Aisami, kada mu bari Baba ya tafi rijiyar nan a rufe. Ni abin da na tuna nono ne da guduma, sauran ya shige mini. Ɗan Talata ba ya nan ranar. Don Allah a duba kaye. Gare ka."

"Za a duba," in ji Aisami.

Ya kuwa duba, kamar wanda bai san abin da zai tarar ba. Kaye goma sha ɗaya ne. Shida na buro, wato ɗakin aikinsa, a saman kabad, ya sauko da su ya kakkaɓe. Huɗu na gida cikin akwatin Rakiya a ƙarƙashin zannuwanta, gara ta ci gefen ɗaya. Na sha ɗayan ya ɓata, kuma shi ne na kakar 1994. Aisami ya ji daɗi har ya ji kunyar jin daɗin. Sai ga Rakiya ta fito da shi daga ƙarƙashin tulu, inda ta yi shekara tana tokare gindinsa da shi. Ta miƙa masa tana murmushi, ita a ganinta taimako ta yi.

Ya buɗe a tsakar gida, rana tsaka. Ga shafin, da kyakkyawan rubutunsa: "Maƙeri ya ɗaure wa tsohuwa ƙwarya. Tsohuwa ta ce: iska. Iska. Iska."

Da la'asar ya karanta musu haka. Tanimu ya ce, "Iska kuwa? Ni ranar garau na ji Alakoss." Ya nisa. "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Gure ta fi mu nisa da shi."

Ya yarda! Wannan yardar ta fi zagi ciwo. Ga kuma abin da babu wanda ya sani: Aisami na riƙe da maganar mai nono kalma bayan kalma. Duk abin da ya rubuta ya manta da shi, don takarda ta ɗauke masa. Abin da ya ƙi rubutawa kuwa shi ya zauna masa a ƙirji, yana juya shi a hanyar masallaci, yana juya shi a lambu. Babu wata barkwancin Tanimu da ya binne da iska wadda ba zai iya maimaita ta yau ba. In ya faɗa, ya tona kansa a gaban mutumin da ya kira shi ƙwaƙwalwarsu, ya kuma miƙa wa Tanimu ƙarshen labarin da hannunsa. In ya yi gum, tsohon ya tafi da rijiyarsa a rufe.

Sai Shaiɗan ya nuna masa hanya ta uku. Ran Talata ya yago takarda, ya rubuta sharuɗɗan mai nono, amma ya gyara ƙarshen: Maharbi ne zai harbi makullin murfin da kibiya, Maƙeri ya tsaya gefe. Ya goga takardar da rairayi, ya ɗiga mata shayi don ta tsufa. Rakiya na tankaɗe tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Malam, mutumin nan bakinsa ne ya mutu, ba kunnensa ba," ta ce.

Ya ninke takarda ya sa aljihu.

Ran Laraba bayan la'asar aka ɗauko Baba Garbai a kan tabarma aka shigo da shi ɗakin wayar iska, aka jingina shi da bango. Habsu ta zauna gefensa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan ƙoƙon nan da ƙwallon dabino biyar, ta sa masa a hannun hagu. Aisami bai taɓa ganin ƙoƙon ba sai ran nan. Shekara huɗu yana jin ƙararsa, ashe bai fi tafin hannu ba.

Ya kira Bune, ya kira arewa, duka suka amsa. Tanimu ya gaida tsohon har muryarsa ta karye. Aisami ya ce an dace, ya tsinci wata takarda a tsakiyar kaye. Ya warware ta ya fara karantawa. A je rijiyar da hantsi. Ƙoƙo ya yi ƙara, alamar haka ne. A zuba wa murfin nonon taguwar da ba a taɓa sa mata lambar wuta ba. Ƙoƙo ya sake ƙara. Sai ya zo kan gyaransa.

"Sannan Maharbi ya matso, ya ɗana kibiya, ya harbi makullin..."

Ƙoƙo bai motsa ba. Aisami ya ɗago kai. Baba Garbai na kallonsa da idon nan guda mai lafiya. Ba harara ba ce. Kallon mai jira ne, irin wanda ya tabbata za a gyara kuskure, don ai Gure ba ta mantuwa. Da ma ya harare shi, da ya fi sauƙi.

"Gure, mun daina jin ka," in ji Tanimu. "Iska ce?"

Aisami ya duƙunƙune takardar a tafin hannu. Ya danna abin magana.

"Ba iska ba ce. Ranar ma ba iska ba ce. Ku saurara."

Ya rufe ido, ya siririntar da murya yadda tsohon ya yi ran nan, ya zubo maganar mai nono tun daga farko. Hantsi. Nonon taguwa. A kira sunan wanda ya gina rijiyar, Kyari mai hannu ɗaya, sau uku. Ya faɗi har inda Tanimu ya katse ta ya tambaya ko Kyarin na da ƴa budurwa, da inda tsohuwa ta ce masa marar kunya. Sannan ya zo wurin da ya yi wata goma sha bakwai yana ci masa rai, ya faɗe shi bai rage ko harafi ba.

"Wanda ya taɓa zubar da jini ba ya kusantar murfin. Maharbi ya tsaya bayan tudu, ya riƙe raƙuma, ya juya baya. Maƙeri ne zai buga da guduma mai sanyi sau uku, ruwa ya taso, guga na farko nasa ne."

Ƙoƙo ya yi ta ƙara har ƙwallo ɗaya ya faɗo ƙasa.

Can Tanimu ya ce a hankali, "Malam Aisami, ashe ka ji."

"Na ji. Duk na ji. Kaye cike yake da iskar da ba a yi ba, kuma duk a kan maganarka take. Maharbi ya kama raƙuma ya koma bayan tudu. Bune, gare ka."

Tanimu bai ce masa komai a kai ba, ran nan ko bayanta. Ya zuba nono, ya kira Kyari sau uku, ya ɗaga guduma. A bugu na biyu ya tsaya ya ce wa murfin ya yi haƙuri, ba da mugunta ba ne, aikin furoje ne. Kafaɗar Baba Garbai ta hau rawa, rabin bakinsa na dariya, hawaye na bin ɗaya kuncin. Bugu na uku ya sauka.

"Ruwa ya taso?" in ji Ɗan Talata, wanda bai taɓa yin tambaya a wasan ba.

Tsohon ya girgiza ƙoƙo da duk ƙarfin da ya rage masa. Sai leɓensa ya fara motsi, yana kokawa da wata kalma. Habsu ta dafe ƙirji, don kwana shida ke nan ba ta ji sautinsa ba. Aisami ya san kalmar tun kafin ta fito, ya kuma san ba tasa ba ce. Yana iya barin ta ta mutu a ɗakin, babu mai zarginsa. Ya durƙusa, ya kai abin magana bakin tsohon, ya danna da babban yatsa, ya riƙe.

"Ma... dalla... Maƙeri."

Ta tafi Bune garau. Aisami ya koma kujerarsa ya zaro bik daga bayan kunne, ya rubuta ta.

Washegari aka wuce da Baba Garbai. Bai kai damina ba. Furojen ma ya rufe bayan shekara biyu, aka kwashe akwatunan, Tanimu ya koma Maradi, Aisami ya koma lambun ubansa a kwari. Kada ku ce ya warke. Ko yanzu in aka ambaci Tanimu sai ya taɓe baki ya ce yaron ba shi da wata dabara, baki ne kawai, Rakiya ta yi ta dariya. Kaye goma gara ta cinye su, bai damu ba. Na ƙarshen ne yake ajiyewa cikin leda a ƙasan akwati. In ka matsa masa zai buɗe maka shafin ranar Larabar nan. Shi kaɗai ne shafin da maganar Tanimu ta cika babu iska ko ɗaya, kuma in ya zo layin ƙarshe sai ya miƙa maka ya ce ka karanta da kanka.